Na Ajiye Kaki, Amma Hanya Ba Ta Sake Ni Ba

Assalamu alaikum. Ni Bahaushe ne haifaffen Injamena, tsohon soja a rundunar ƙasa ta Cadi. Na kai muƙamin saje kafin rauni a ƙafa ya sa aka sallame ni, lokacin ritayata bai yi ba. Maganar da zan yi a nan ta daɗe tana cina, domin duk sanda na ɗauko ta a majalisa sai a yi mata wata fassara. Kewar tafiya nake yi. Kewar ƙasashen mutane, da harsunan da ba na ji, da wayewar gari a wurin da ban taɓa kwana ba.

Idan na faɗi haka, dattawan unguwa sukan ce, "Saje, ka gode wa Allah da ka dawo da ranka." Na gode masa, ina kuma gode masa a kowace sallah. Samari kuwa sai su kalli juna, na san abin da ke ransu: yaƙi ya shiga jinin wannan. Wallahi ba yaƙi ba ne. Wanda ya taɓa ɗaukar gawar abokinsa a bargo ba ya marmarin yaƙi.

Wataƙila gado ne. Kakana mutumin Kano ne, baduku. Ya fito a ƙafa cikin ayarin masu niyyar Makka, suka biyo ta Barno, suka haye kogi suka shigo wannan gari tun ana kiransa Fort Lamy, domin sai a 1973 aka sauya masa suna. A nan guzurinsa ya ƙare. Ya ce bari ya zauna ya ɗinka takalma da layu ya tara na gaba. Ya yi aure, aka haifi mahaifina, zama ya miƙe. Abokan tafiyarsa suka wuce, jikokin wasunsu suna Sudan har yau. Shi kuwa har ya bar duniya bai daina lissafa zangon da suka rage masa ba. Yakan zaunar da mu bayan isha ya riƙa jero su da yatsu: Abeshe, Adire, Janaina, Fashir, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Bai taɓa ganin ko ɗaya ba, amma ya san su kamar a can ya girma. Ni da na tashi ina jin wannan, iyakar inda ƙafata ta kai kafin in shiga soja ita ce Kusri, tsallaken kogi, can ɓangaren Kamaru.

A watan Janairun 2013 aka tara mu aka ce Mali za mu. Masu iƙirarin jihadi sun mamaye arewacin ƙasar, Faransa ta shiga, Cadi kuma ta yi alkawarin sojoji kusan 2,000. Janar Umar Bikimo ne kwamandanmu, mataimakinsa Mahamat Idriss Deby, wanda yake shugaban ƙasa a yau. Ranar ce na fara shiga jirgin sama. Muka sauka a Yamai.

A barikinmu na gida Hausa ba ta da wata kasuwa. Larabcin Cadi ake yi da Faransanci, sai kowa da harshen gidansu, wannan Goranci, wancan Zagawanci, wancan Sara. Amma da muka taka Nijar sai ga ni na zama ɗan gaba. Za a sayi goro, a kira ni. Za a nemi mai gyaran taya, a kira ni. Wata tsohuwa mai ƙosai a bakin hanya ta ji na gaishe ta, ta ɗaga kai ta dubi tutar da ke kafaɗata, ta ce, "Ɗana, kai ɗan ina ne?" Na ce, "Ɗan Cadi ne, Inna." Ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe can ma akwai namu?" Ta ƙara mini ƙosai, ta ƙi karɓar kuɗi, ta ce Allah ya mai da ni gaban uwata lafiya. Daga nan muka nufi Walam, muka shiga Mali ta wajen Menaka, muka miƙe arewa har Kidal.

Ranar 22 ga Fabrairun 2013, a kwarin Ametetai cikin duwatsun Ifogas, muka rasa mutum 26. Ina wurin. Ba zan zayyana ranar ba, iyalansu suna raye, wasu ma unguwarmu ɗaya. Na ambace ta ne domin kada wani ya zaci na manta kuɗin da aka biya. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Abin da zuciyata ke komawa gare shi daban ne. Wata safiya mun tsaya kusa da wata rijiya a bayan Kidal, sanyin sahara yana ratsa kaki har ƙashi. Wani dattijon Buzu yana zaune da awakinsa, ya yi mana alama da hannu mu matso. Ya hura wuta a kan yashi, ya kwaɓa garin alkama da ruwa da ɗan gishiri a ƙaramar tasa. Da wutar ta zama garwashi sai ya sa sanda ya ture ta gefe, ya buɗe yashin da ya yi zafi, ya kwantar da kwaɓin a ciki, ya rufe da yashi da toka, ya mai da garwashin bisa. Muna kallo muna cewa a ranmu, ƙasa za mu ci ke nan. Can ya tone, ya juya, ya sake rufewa. Da ya fito da ita sai ya buga ta da tafin hannu, ya kankare da wuƙa, ya ɗauraye da ruwa kaɗan, ya gutsuttsura a akushi ya zuba man shanu. Ko ƙwayar yashi ban tauna ba. Tagella suke kiranta. Ya bi mu da shayi har zagaye uku. Ba ya jin Hausa, ba na jin Tamashek, Larabcinmu ma bai cika haɗuwa ba. Sallama da bisimilla da alhamdu lillahi suka ishe mu. Mutumin nan yaƙi ya ci masa rabin dabbobi, ga mu baƙi da bindigogi a bakin rijiyarsa, amma bai ga dalilin da zai hana shi ciyar da mu ba. Har gobe in na ga ana rowar abinci sai ya faɗo mini.

A watan Yulin wannan shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi aikin ƙarƙashin MINUSMA, rundunarta ta kiyaye zaman lafiya a Mali, muka sa shuɗiyar hula. Na dawo gida, sai ga 2015, aka tura mu Kamaru saboda Boko Haram. Muka haye ta Kusri zuwa Fotokol, muka tsallaka gada muka shiga Gambaru a farkon Fabrairu. Can ma ni ne tafinta tsakanin manyanmu da mutanen gari. Wannan tafiyar ba ta bar mini komai ba sai baƙin ciki, garuruwan 'yan uwa ne a ƙone, don haka ba na ƙirga ta cikin abin da nake kewa.

Komawata Mali ta biyu ce ta buɗe mini ido sosai. Mu 'yan Cadi a can ƙuryar arewa aka fi ajiye mu, Tesalit da Agelhok da Kidal, inda wasu ƙasashe ba sa son kai 'ya'yansu. Amma sansanin Majalisar Ɗinkin Duniya duniya ce a dunƙule. Na ci shinkafa da miyar ganyen rogo a wajen 'yan Gine. Na yi sallar Juma'a a Gawo kafaɗa da kafaɗa da 'yan Bangaladash, limaminsu yana karatu da wata murya mai taushi da ban taɓa ji ba, ayoyin dai su ne waɗanda malaminmu na allo ya biya mana. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ɗan Kambodiya mai tonon nakiya, ɗan ƙaramin mutum marar yawan magana. In na'ura ta yi ƙara a hanya, duk ayari sai ya tsaya, shi kaɗai zai yi gaba. Ya kwanta rub da ciki a kan yashin da ke ƙona fata, ya riƙa share ƙasa da ɗan buroshi a hankali a hankali, gumi na ɗiga daga haɓarsa, mu muna can baya muna salati. Wata rana na tambaye shi da guntun Faransancina, me ya kawo shi wannan aiki. Ya ce a ƙasarsu an gama yaƙi tuntuni, amma nakiyoyin da aka binne suna nan a gonaki suna cire wa manoma ƙafa, a ƙauyensu ya fara sanin abin tun yana yaro. Kafin ranar ban san akwai wata ƙasa Kambodiya ba. Yanzu in an ambace ta a rediyo sai in ƙara murya.

Kada in yi wa kowa ƙarya, tafiyar soja ba yawon shaƙatawa ba ce. Yawancin Malin da na gani ta bayan buhunan yashi da waya mai ƙaya na gan ta, ko ta ƙaramar tagar motar sulke. A ranar 20 ga Janairun 2019 aka kai hari sansanin Agelhok, aka kashe mana mutum 10. Kuma nakiyar da ɗan Kambodiya ke nema, wata rana ita ta riga mu. A hanyar Agelhok zuwa Tesalit motarmu ta taka. Abin da na sani shi ne ƙara, sai ƙura, sai na farka a jirgi mai saukar ungulu. Likitocin ƙasar Sin ne suka fara duba ni a asibitinsu na Gawo, daga nan aka wuce da ni Dakar.

A Dakar na ga teku. Mutumin da ya tashi a Legas ko Duwala ba zai gane nauyin wannan magana ba. Mu Cadi ba mu da gaɓar teku ko taku ɗaya. Na san kogin Shari, na san kogin Logon, na san tafkin Cadi da ciyayinsa da tsibiransa, inda duk nisan ruwa ka san akwai tudu a gaba. Da na fara takawa da sanduna, wani sojan Senegal da muke ɗaki ɗaya ya ce in zo ya nuna mini wani abu. Muka fita a hankali har bakin ruwa. Na tsaya na rasa ta cewa. Ruwa ne har inda ido ya ƙare, yana tasowa yana dukan duwatsu yana komawa, ba ya hutawa. Jiragen masunta dogaye masu fenti ja da rawaya da kore suna hawa suna sauka a kan igiyar ruwa, ga tsibirin Gore can tsakiya, inda ya ce daga nan ake loda bayi zuwa Amurka a zamanin da. Na roƙe shi ya riƙe mini sanda ɗaya, na sunkuya da ƙyar na ɗebi ruwan a tafin hannu na kai baki. Gishiri zalla. Sai hawaye, ban san sanda suka zo ba. Kakana na tuna, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ambaton bakin teku bai gani ba, ga jikansa Allah ya kawo shi ta hanyar da ba wanda zai zaɓa, da ƙarfe a cikin ƙafa. Abokin nan bai tambaye ni komai ba. Ya kai ni wata rumfa muka ci shinkafa da kifi irin tasu, ya biya.

Watannin farko bayan sallamata daɗi ne kawai. Inna ta yi sadaka, 'yan uwa suka yi ta zuwa barka, na kwana ba takalmi a ƙafata. Na buɗe ɗan shago a bakin layinmu, ina sayar da katin waya da cajin waya da ruwan sanyi. Abin ya zo ne daga baya, sannu a hankali. Na wayi gari na ga duniyata ta koma gida, masallaci, shago, majalisa, gida. Fuskokin jiya su ne na yau, hirar jiya ita ce ta yau. Filin jirgin Injamena a cikin gari yake, duk jirgin da ya tashi sai ya bi ta kanmu, ni kuwa ko ina ba da canji sai na ɗaga kai na bi shi da ido har ya ɓace. Wani lokaci in hau kilando, babur ɗin haya, in tafi gadar Ngeli ba tare da wata buƙata ba, in zauna wajen mai shayi ina kallon manyan motoci suna shigowa daga Kamaru, ina tambayar direbobi yadda hanya take.

Sai da na ajiye kaki na san tsadar tafiya. Soja ba ya sayen tikiti, ba ya layin biza, sunansa kawai ake kira ya ɗauki jaka. Farar hula kuwa sai fasfo, sai kuɗin jirgin da ya fi ƙarfin ɗan fanshon da ba ya ma zuwa a kan kari. Ƙofofin ma sai rufewa suke. Gwamnatin Mali ta nemi MINUSMA ta fice a watan Yunin 2023, kafin ƙarshen shekarar an naɗe komai. A waya na bi labarin ayarin ƙarshe da ya bar Kidal zuwa Gawo, tafiyar kilomita kusan 350, suna taka nakiya a hanya, da yaranmu a ciki. Sansanonin da na sani lungu-lungu yanzu ba mai shuɗiyar hula ko ɗaya. Hanyar kakana ta gabas ita ma yaƙin Sudan ya toshe ta tun Afrilun 2023, Adiren da yake ambata ta cika da 'yan gudun hijira.

Ba ni kaɗai ba ne. In mun haɗu a layin fansho, da an gama ƙorafin kuɗi sai hira ta koma can. Wannan ya ciro waya ya kunna kiɗan garayar Buzaye. Wancan ya ce jiya ya yi magana da abokinsa na Konakiri ta WhatsApp. Akwai wanda har yau ba ya shan shayi sai irin na Kidal, ya ce na gida ruwa ne. Akwai kuma waɗanda zaman ya gagare su ɗungurum, suka sayar da abin da suka mallaka suka tafi haƙar zinariya a Kuri Bugudi can iyakar Libiya, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Mutane suna cewa kwaɗayi ne. Ni da na san su na san ba kuɗi kaɗai suka bi ba. An koya mana harbi, an koya mana tafiyar dare, an koya mana kwana a rami, amma ranar sallama takarda kawai aka miƙa mana. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga yadda mutum ke zama wuri ɗaya bayan ya saba da hanya. A ganina wannan gibi ne babba, kuma iyalai ne ke ɗaukar nauyinsa.

Abin da ya sa na daɗe ban furta ba a gida shi ne kunya. Kowace tafiya da nake tunawa da daɗi, iyalina da wahala suke tuna ta. Hawan jinin Inna a lokacin Ametetai ya samo asali, kwana da kwanaki ba ta san ko ina cikin waɗanda aka kawo ba. 'Yata ta biyu ba na nan aka haife ta, da na dawo ta ƙi yarda in ɗauke ta, tana ɓuya a bayan uwarta. Ta yaya zan dubi waɗannan mutane in ce ina kewar can?

Uwargida ce ta fasa ƙwan. Akwai jakata ta soja a bayan ƙofa, nakan sauke ta lokaci-lokaci in kakkaɓe, in duba zip, in mayar. Wani dare ta same ni a kai. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Malam, jakar nan da kake ta gyarawa, ina za ka?" Na ce babu ko'ina. Ta ce, "Ni fa ba yarinya ba ce. Ina ganinka in jirgi ya wuce." Na yi shiru, daga baya na faɗa mata duka, har da tekun Dakar, wanda ban taɓa ba ta labarinsa ba. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ban hana ka tafiya ba. Abin da na roƙa, ka yi wadda babu bindiga a ciki, wadda zan san ranar dawowarka."

Ita da kanta ta yi wa ƙaninta magana. Direban babbar mota ne, yana ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Duwala, tafiyar kilomita kimanin 1,800. Ta kudu yake bi, Mundu, Tuboro, Ngaundare, sannan ya gangara. Tun 2017 ƙasashen yankinmu na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, suka ɗage wa junansu biza, don haka Kamaru ba ta gagare ni ba. Ya ce in zauna masa a gaba, ni ne mai riƙe takardu da magana da 'yan duwan, wato kwastan, da jandarmomi, tunda na iya Faransancin bariki kuma furfura ta fara fitowa. Ba albashi ba ne, abinci da wurin kwana ne, sai ɗan abin da ya sauwaƙa. Na ce na yarda tun bai rufe baki ba. Shago zan bar wa babban ɗana, ya isa. Na kuma shiga adashi da wasu tsofaffin abokan aiki, niyyata in Allah ya ara mini rai in sauke faralin da kakana ya fito dominsa, ko da shekaru nawa zai ɗauka.

Da na je neman izinin Inna na yi zaton za ta yi kuka. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kai dai jinin kakanka ne. Ka je, Allah ya tsare. Amma duk garin da kuka sauka ka kira ni in ji muryarka." Likita ya ce ƙafar za ta iya, da sharaɗin in riƙa sauka ina miƙe ta, kada in yi doguwar zama a naɗe. Mun tsayar da bayan damina, in hanya ta bushe. Surukina ya ce in tanadi katin shaida da katin rigakafin shawara, sauran takardun mota nasa ne. Katin rigakafin nawa na soja ya yage, don haka ranar Litinin zan je a yi mini sabo.